Amsoshin Takardunku: Matuƙan Sa Kai da Jigilar Marasa Lafiya

Takardarmu ta farko ta fito daga wani malamin asibiti a Zariya, wanda ya ji labarin wai a Amurka da Ostareliya akwai masu ƙananan jiragen sama da ke kai marasa lafiya asibitoci masu nisa kyauta, yana tambaya ko gaskiya ne, in kuwa gaskiya ne, wace kariya aka tanadar wa wanda aka ɗauka.

To Malam, gaskiya ne, kuma mafi shahara cikin ƙungiyoyin da ke shirya wannan aikin alheri su ne masu suna Angel Flight. Matuƙi ne ke ba da jirginsa da lokacinsa. Sai dai babu likita a ciki, babu nas, saboda haka aka sharɗanta wa majiyyaci ya kasance yana iya hawa jirgi da ƙafarsa, ya zauna a kujera, kuma ya zo da takardar likitansa mai shaidar cewa tafiyar ba za ta cutar da shi ba.

Amma batun kariya, a nan ne zan ɗan tsawaita, domin abin da bincike ya gano yana da ban al'ajabi. Ran 28 ga Yuni 2017, wani matuƙin sa kai ya tashi daga Mount Gambier a Ostareliya zai kai wata yarinya da mahaifiyarta Adelaide, alhali gajimare ya sauko ƙasa ƙasa, shi kuwa ba shi da shaidar tuƙi da na'ura kaɗai, ba a jima ba jirgin ya faɗi, dukkansu uku suka riga mu gidan gaskiya. Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Ostareliya ta bayyana a 2019 cewa haɗari mai kisa a irin wannan jigila ya ninka na sauran tashin masu zaman kansu sau bakwai, ko da yake ƙungiyar Angel Flight ta musanta lissafin. Daga cikin dalilan da aka ambata akwai nauyin da matuƙi kan ɗora wa kansa, domin mutumin da, da shi kaɗai ne, zai dubi sama ya koma gida, idan ya ga majiyyaci tsaye da jakarsa, likita kuma yana jira, sai kunya da tausayi su rinjayi hankalinsa.

Shi kuwa gajimare, da hazo irin wanda ke hana jirage sauka Kano lokacin hunturu, ba su san niyya ba. Da zarar ido ya daina ganin inda sama ta haɗu da ƙasa, sai kunnen ciki, wanda ke gaya wa mutum tsaye yake ko karkace, ya shiga yi masa ƙarya. A 1954 Jami'ar Illinois ta jarraba matuƙa 20 da ba su koyi tuƙi da na'ura ba, aka tarar bisa matsakaici sakan 178 kawai suke yi jirgi ya ƙwace musu.

Don haka ƙa'idojin suka fi karkata ga ɗaure matuƙi tun yana ƙasa. A Amurka wajibi ne ya yi tashi da sauka uku cikin kwana 90 kafin ya ɗauki fasinja, ya nisanci giya aƙalla awa 8, ya kuma bar rarar man minti 30 da rana, 45 da dare. Ana son ya tuhumi kansa game da ciwo, da magani, da gajiya, da damuwa, sa'an nan ya rubuta iyakar iska da gajimaren da ba zai ƙetare ba, tun ranar da babu mai jiransa. A ganina wannan na ƙarshe ya fi duka hikima.

Wata Hajiya daga Maraɗi kuma ta ce, ashe ba komai ƙaddara ba ne? Ranki ya daɗe, haka ne, amma fuƙaha'u sun gabatar da kawar da ɓarna a kan jawo maslaha, kuma shi majiyyaci yana da nasa rabon aikin. Ya faɗi haƙiƙanin nauyinsa da na kayansa, domin ƙaramin jirgi mai kujera huɗu ba ya yafe ƙari. Ya kuma tanadi wata hanya, mota ko jirgin haya ko ɗage ranar ganin likita, kamar yadda ƙungiyoyin ke buƙata, ta yadda in matuƙi ya ce yau ba za a tashi ba, ba wanda zai tsaya roƙonsa.

Saura takardun Gusau da Kumasi, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.