Yadda Na'urar Gwajin Maleriya ta RDT Take Aiki

Da zarar damina ta kankama, zazzaɓi kan addabi gidaje a Jega, Aliero da Maiyama. Binciken ƙasa na 2021 ya gano maleriya a jinin kashi 49 cikin 100 na ƙananan yaran jihar Kebbi, adadi mafi yawa a Najeriya. Sai dai ba kowane zazzaɓi ne maleriya ba, shi ya sa tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a yi gwaji kafin magani.

RDT 'yar ƙaramar roba ce, ba ta buƙatar lantarki. Ana ɗiga mata jinin yatsa, a bi shi da ruwan gwaji. Ruwan zai tura jinin ta cikin siririyar takarda mai sinadarin da ke cafke furotin HRP2 na ƙwayar cutar. Bayan minti 15 zuwa 20, layi biyu na nufin akwai cutar, layin C kaɗai babu. Idan C bai fito ba, gwajin ya ɓaci, a sake.

A kula: tsananin zafi na lalata ta. Kuma HRP2 kan yi makonni a jini bayan an warke, don haka a sanar da ma'aikacin lafiya idan an sha magani kwanan nan.