Zuwa ga samarin Galma masu shirin ci-rani



An gama girbi, dammuna sun shiga rumbu, na kuma san da yawanku kun fara ɗaure kaya: wasu Kano, wasu Abijan, wasu Libiya. Kafin ku hau mota a tashar Madawa, ina da magana a kan bakin da za ku tafi da shi.

Farkon zuwana Kano, na ce wa mai masaukina ya ba ni lakilen ɗaki, zan tahi in komo ƙarhe biyat. Yaran gidan suka yi ta dariya har da riƙe ciki, daga ranar sunana ya koma Buzu. Kunya ta kama ni. Kafin wata uku na iya cewa makulli, tafi, biyar, ina tauna kowace kalma kafin in fitar. Da na dawo gida da damina, na durƙusa gaban kakata ina gaishe ta, sai ta ƙura mini ido ta ce, "Kai, wa ya musanya maka halshe?"

Sai daga baya na gane masu dariyar ma da kayan aro suke ado. Likitansu da sulensu daga bakin Ingilishi suka fito, kamar yadda lokotoro da lakwal da mushe suka zo mana daga Faransanci, bayan Turawa sun shata iyaka tsakaninmu a yarjejeniyar 1906. Aron kuwa ya girmi zuwan Bature nesa ba kusa ba. Albasar da kuke bayi a fadamar Tarka sunanta na Larabci ne. Kasuwa daga Barebari muka samo ta. Raƙumi da takarda kuwa daga Buzaye, wato wanda ya yi mini ba'a da Buzu, kalmar Buzaye ce a aljihunsa bai sani ba. Ko lissafinmu ku duba: a jikin kuɗin an rubuta 100, mu kuwa dala ashirin muke cewa, da sunan wata tsohuwar azurfar Turai da ta daɗe da barin kasuwa. Furoje ma, irin aikin farfaɗo da ƙasa na Keita da aka fara a 1984, jiya-jiya ta zauna a bakinmu.

Saboda haka ku aro abin da zai yi muku amfani, ku koyi Hausar masu masaukinku don ciniki ya tafi daidai. Ba wannan ke hana ni barci ba.

Abin da ke damuna shi ne kalmomin da ke mutuwa ba mai zaman makokinsu. Kwanan baya na tambayi wani yaro mai rataye da waya mene ne bununi, ya ce ko sunan magani ne. Ɗan manomi ke nan, wanda gero ya raina! Bai san fako ba, bai san bambancin noman fari da maimai ba. A 2025 an ayyana Hausa harshen ƙasa a Nijar, na yi murna, amma doka ba ta shiga gona ta koya wa yaro sunan ciyawa.

Wayar nan taku tana ɗaukar murya. Kafin ku tashi, kowa ya samu tsohon gidansu da dare, ya tambaye shi sunayen irin gero da na ƙasa da na iskokin da ke zuwa gabanin ruwa, ya bar shi ya faɗa da bakinsa, da hwararsa da zamnawarsa. Ni kakata ta rasu ban yi haka ba.

Allah ya kai ku lafiya, ya maido ku kafin ruwan shuka.