Amsoshin Tambayoyinku: Dukan Mai Juna Biyu

Wata mai sauraronmu daga Unguwar Lalle, ƙaramar hukumar Sabon Birni, wadda ta nemi a sakaya sunanta, ta ce mijin ƙanwarta na dukanta alhali tana da cikin wata shida. Shin hakan na cutar da jariri, kuma ina za a kai kuka?

To Malama, yana cutarwa ƙwarai. Naushi ko hauri a ciki na iya ɓamɓare mabiyiya daga jikin mahaifa kafin lokaci, jini ya ɓalle, wani sa'in ma a ciki yake taruwa ba a gani. Daga nan ake samun ɓari, ko haihuwar bakwaini, ko a rasa uwa da ɗa. Hana ta abinci ko zuwa awo shi ma cin zarafi ne, ko da ba a taɓa jikinta ba. In kin ga jini, ko ciwon mara mai tsanani, ko jariri ya daina motsi, a garzaya da ita Babban Asibitin Sabon Birni tun da rana, tunda kin fi mu sanin halin da hanyoyin yankin ke ciki da dare.

Doka kuwa tana bayanta. Gwamnatin Tarayya ta kafa dokar hana cin zarafin mutane (VAPP) a 2015, Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya sa hannu kan ta jiharku ta Sakkwato a 2021, kuma dukan mata laifi ne a cikinta. A fara da waliyyinta da liman da mai unguwa. In abin ya faskara, sai 'yan sanda ko kotu. Amma kada a ce mata ta yi haƙuri sai ta haihu. Ta koma gidan iyayenta tukuna, a yi sulhun tana can.