Ciwon Toshewar Jijiyoyin Zuciya, Da Yadda A Ke Tsare Kai

Ya 'yan'uwana almajirai da malamanmu, sau da yawa mukan ji an ce wane ya yi sallar asuba cikin jama'a lafiya lau, kafin hantsi ya dafe ƙirji ya faɗi, sai rasuwa. Mutane su ce ajali ne. Gaskiya ne ajali ba ya wuce ranarsa, amma kuwa kowace mutuwa da sanadinta, sanadin irin wannan kuwa galibi shi ne toshewar jijiyoyin zuciya. Tun da ya ke mu ne za mu tsaya gaban yara gobe, wajibi ne mu san wannan cuta sarai.

Aikin Zuciya

Zuciya tsoka ce, girmanta kamar dunƙulen hannun mai ita. Tana bugawa wajen sau 100,000 cikin kwana ɗaya, tana tura jini kamar lita 5 kowane minti in mutum yana hutawa. Wani likitan Ingila, William Harvey, shi ya bayyana a 1628 cewa jini kewaya jiki ya ke yi ya komo zuciya. To, abin lura, ko da ya ke zuciya cike ta ke da jini, ba daga jinin cikinta ta ke samun abincinta ba. Tana da jijiyoyi biyu nata na kanta, ta dama da ta hagu, waɗanda suka yi rassa suka lulluɓe ta. Kaurin manyansu bai kai na fensir ba. Ta cikinsu ne tsokar zuciya ke samun iska da abinci.

Yadda Cutar Ke Kamawa

Ku dubi lambatun unguwa. Kullum ana zuba masa yashi da shara kaɗan kaɗan, ruwa yana dai wucewa, ba wanda ya kula. Ran da aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, sa'an nan a ke gane ya cushe. Haka jijiyar zuciya ta ke. Kitse yakan riƙa taruwa cikin bangonta tun mutum yana saurayi, hanyar jini tana ƙuntata shekara da shekaru. In mutum yana zaune, ɗan jinin da ke wucewa ya ishi zuciya. Amma in ya hau bene, ko ya ɗauki kaya, ko ya husata, zuciya ta nemi ƙari ta rasa, sai ya ji ƙirjinsa ya yi nauyi kamar an aza masa dutse. In ya huta minti kaɗan sai abin ya lafa. Likita William Heberden ya siffanta wannan ciwon ƙirji a London a 1768. Wannan gargaɗi ne, kada a raina shi.

Mafi hatsari shi ne ran da tarin kitsen nan ya tsage. Nan take jini ya daskare a wurin, ya zama guda, ya toshe hanyar ɗungum. Sashen zuciyar da jijiyar ke shayarwa yakan fara mutuwa cikin kamar rabin sa'a, abin da ya mutu kuwa ba ya komowa.

Alamunta

Alamun su ne nauyi ko matsi a tsakiyar ƙirji wanda ya wuce minti 15 bai saki ba, wani lokaci ya sauka hannun hagu, ko ya hau wuya da muƙamuƙi. Da gumi mai sanyi, da haki, da tashin zuciya, da jiri. Tsofaffi da mata da masu ciwon sukari sau da yawa ba su jin zafi mai tsanani, sai kasala da haki kaɗai. Mutanenmu da yawa sukan ɗauka olsa ce ko ƙwannafi, su aika kemis a sayo magani, su kwanta su jira gari ya waye. Wannan jira shi ke kisa.

Abin yi shi ne a zaunar da mutum, a ba shi asfirin na miligiram 300 ya tauna, in dai ba a hana shi shan asfirin ba, a nufi asibiti da shi nan da nan. Kada ya tuƙa mota da kansa. A asibiti za a auna bugun zuciyarsa da na'ura, a gwada jininsa. Akwai allurar da ke narkar da gudan jini, amma amfaninta ya fi yawa cikin sa'o'in farko, bayan sa'a 12 kuwa ya ragu ƙwarai. Mutanen Unguwa Uku da Tarauni sun yi dace, gama Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988, yana nan kusa da su a Gyaɗi-Gyaɗi, bakin titin Zariya.

Ko Cutar Turawa Ce?

A dā an ɗauka wannan cuta ba ta kama baƙar fata. Lalle har yanzu ciwon zuciyar da hawan jini ke jawowa ya fi ta yawa a ƙasarmu, amma tana nan cikinmu. Likitocin asibitin nan na Gyaɗi-Gyaɗi sun bi takardun marasa lafiya na shekara 5, suka buga sakamakon a 2006: cikin mutum 1,347 masu ciwon zuciya da jijiyoyin jini, 46 ita ce ke damunsu, yawancinsu maza. Wannan fa lissafin waɗanda suka isa asibiti ne kaɗai, ban da waɗanda suka faɗi a gida aka yi musu sutura. A duniya kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ta kashe kusan mutum miliyan 9 a 2019, ba cutar da ta kai ta kisa a shekarar.

Abubuwan Da Ke Jawo Ta

A 1948 aka fara bin lafiyar mutum 5,209 a garin Framingham na Amurka, shekara bayan shekara, don a ga wa ke kamuwa. Da wannan bincike da waɗanda suka biyo baya aka tabbatar da manyan sanadai: hawan jini, da shan taba, da yawan kitse cikin jini, da ciwon sukari, da ƙiba, da rashin motsa jiki. Tsufa da gado su ma da nasu hannu, waɗannan biyu ba mu da iko a kansu. Sauran kuwa duk a hannunmu su ke.

Zaman birni ya ƙara mana su. Kakanninmu da ƙafa su ke zuwa gona da fatauci. Yau mutum daga Unguwa Uku zuwa kasuwar Tarauni sai ya hau Adaidaita Sahu, ya wuni zaune a rumfa, da dare ya ci balangu da kitsensa, ya kora da lemon kwalba.

Hanyoyin Tsaro

Na farko, a bar taba, ko sigari ko shisha. Wanda ya bar ta, bayan shekara ɗaya hatsarin da ta ƙara masa yakan ragu da kamar rabi.

Na biyu, a riƙa auna jini. Hawan jini ba ya ciwo, sai an auna a ke sani. In awo ya yi ta nuna 140 bisa 90 ko fiye, a ga likita. Wanda aka ɗora bisa magani kada ya bari don ya ji sauƙi, sauƙin nan aikin maganin ne. A gwada sukari kuma, tun ba wanda ya haura 40 ba.

Na uku, a rage gishiri. Kada ya wuce giram 5 a yini, watau ƙaramin cokalin shayi ɗaya, a haɗa da wanda ke cikin dunƙulen magi, gama yawancinsa gishiri ne. Daddawa da citta da tafarnuwa sun isa su ba miya ɗanɗano.

Na huɗu, a taƙaita kitsen nama da man shanu da soye-soye, musamman da man da aka yi ta maimaita suya da shi. A yawaita wake da gero da dawa da kifi, da ganye irin su zogale da rama da alayyahu.

Na biyar, a yi tafiya da sauri rabin sa'a, kwana 5 cikin mako. Wannan ba ya cin ko kwabo.

Kowanenmu ya fara da gidansu. A hutun nan ya tambayi mahaifinsa da mahaifiyarsa yaushe rabonsu da awon jini, in ya daɗe ya raka su. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu lafiya mai amfani, amin.