Yadda Matasa Za Su Tara Abinci a Kasuwar Belel Domin Mabuƙata

Belel, da ke ƙaramar hukumar Maiha a bakin iyakar Kamaru, garin manoma ne. Da kaka masara da dawa da wake da gyaɗa sukan cika kasuwa, amma daga Yuni zuwa Agusta rumbuna sun yi ƙasa, sabon amfani bai nuna ba, farashi kuma ya hau. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023 wannan tsakani ya ƙara tsanani ga marayu da zawarawa da tsofaffi. Matasa suna iya rage shi idan suka tara hatsi lokacin da yake araha, suka adana, suka raba lokacin da yunwa ta matsa. Jarin aikin kuwa amana ce, kuma ga yadda ake tsare ta.

Da farko a kafa ƙaramin kwamiti: shugaba, ma'aji, magatakarda da mai kula da ma'ajiya. A sa mata a ciki, domin su ne ke shiga gidaje, su ne suka san tukunyar da ta kwana ba a ɗora ba. Sai a je gaisuwa wurin mai unguwa da hakimi, a sanar da limamai da fastoci, a nemi izinin sarkin kasuwa. Da ɗan gari akan ci gari. Idan liman ya yi sanarwa bayan sallar Juma'a, fasto ya yi tasa ran Lahadi, ɗan kasuwa ba zai yi wa matasa kallon 'yan damfara ba.

Na biyu, a rubuta sunayen mabuƙata tun kafin a karɓi ko mudu ɗaya. Masu unguwa da dattawan mata su kawo sunaye, kwamiti ya bi ya tabbatar cikin sirri, a rubuta yawan bakin da ke kowane gida. Littafin sunayen nan ba ya fita hannun mutum biyu.

Na uku shi ne ranar kasuwa, tsakanin Nuwamba da Janairu. A samu rumfa kusa da 'yan awo, a shimfiɗa tabarma, a jera buhuna, kowane da irin hatsinsa. Matasa su rarrabu bibbiyu, kowa da shaidar ƙungiya a wuya. Magana gajera ce: "Salamu alaikum, Baba, Allah ya ba da kasuwa. Muna tara wa marayun gari abinci ne, ko kwano ɗaya Allah ya saka." Wanda ya bayar a yi masa addu'a, wanda ya ce babu a yi masa godiya a wuce, kada a matsa. Masu shaguna a roƙe su gishiri, man gyaɗa, daddawa, kuka da busasshiyar kuɓewa, domin tuwo ba ya ciyuwa sai da miya. Duk abin da aka karɓa a auna shi da mudu guda a gaban mai shi, magatakarda ya rubuta. Wanda ya ba da kuɗi, naira ko sefa, a sayi hatsi da su ranar nan a gaban shaidu.

A tambayi kowa: sadaka ce ko zakka? Zakkar hatsi tana wajaba idan amfani ya kai sa'i 300. A fitar da kashi ɗaya cikin goma idan ruwan sama ya shayar, ɗaya cikin ashirin idan ban ruwa aka yi da wahala. Masu cin ta jinsi takwas ne kamar yadda aya ta 60 ta Suratut Tauba ta bayyana, kuma ba a jinkirta ta. Saboda haka buhunta daban, a miƙa wa malamai su raba nan take. Sadaka ce ake ajiyewa zuwa damina.

Na huɗu, adanawa. A sheƙe hatsi, a shanya shi ya bushe ƙwarai. Wake shi ne abin tsoro, don ƙwari kan cinye shi cikin 'yan watanni. Buhun PICS mai ruɓi uku, leda biyu a ciki da buhu a waje, yana toshe iska har ƙwarin su mutu ba tare da magani ba. Kada a zuba wa abincin mutane maganin feshi. A ɗora buhuna kan katako nesa da bango, a sa kwaɗo biyu a ƙofa, makullan a hannun mutum biyu.

Na biyar, rabo. Kada a tara mutane a fili ana layi ana ɗaukar hoto don Facebook. A kai wa kowane gida kasonsa da magariba, gwargwadon yawan iyalinsa, ba tare da duba addini ko ƙabila ko jam'iyya ba. Mai kaiwa ya yi sallama ya ce, "Inna, ga saƙo daga 'yan'uwa," ya juya.

A ƙarshe a koma ga jama'a da lissafi: ga abin da aka tara, ga abin da ya lalace, ga yawan gidajen da suka samu, ba tare da ambaton suna ba. A karanta a gaban hakimi, a liƙa kwafi a rumfar sarkin kasuwa. Manomin da ya ga inda mudunsa ya tafi, baɗi da kansa zai nemi matasan kafin su neme shi.