Darasi: Duwatsun Tunawa, Tarihin Ikkilisiyarmu da Aikin Dattawa

Karatu: Joshuwa 4:1-9, Mahukunta 2:7-10, Ayyukan Manzanni 14:21-23

Manufa: Mu san yadda ikkilisiyoyinmu na ƙasar Kano suka kafu, mu kuma rubuta tarihin tamu tun waɗanda suka gani da ido suna da rai.

Gabatarwa

Da ranin bara aikin gyaran rijiya ya kai ni wata ƙaramar ikkilisiya a nan gabashin Kano. A takardar da za mu cika akwai tambaya: wace shekara aka kafa ikkilisiyar nan? Dattawa uku suka ba ni amsa uku. Ɗaya ya ce bayan yaƙin basasa ne, ɗaya ya ce shekarar fari, na ukun ya ce sai dai a tambayi Baba, gama a zaurensa aka fara sujada. Baba kuwa ya rasu da damina. Aka ɗauko littafin baftisma daga akwati, sai ga shi gara ta cinye rabinsa. Abin da ya fi damuna shi ne, filin da majami'ar take a kai kyauta ce ta baka, kuma Baba ne shaida na ƙarshe. Yanzu jikokin mai filin sun fara tambaya.

Da Isra'ilawa suka haye Urdun, Allah ya sa suka ɗauki duwatsu 12 daga kogin, domin in yara suka yi tambaya a sami abin nuna musu. Littafin Mahukunta kuma ya nuna abin da ya faru da aka yi tsarar da ba ta san labarin ba. Mu ina namu duwatsun?

1. Ikkilisiyar dattawa

Wasunku sun taɓa ganin allon ikkilisiyar Presbyterian a birni, suna tambaya ko wace iri ce. Sunan ya fito daga kalmar Helenanci mai ma'anar dattijo. Wato ikkilisiya ce wadda ba mutum ɗaya ke mulkinta ba. Jama'a suna zaɓen dattawa, su zauna tare da fasto su yanke shawara, kamar yadda Bulus da Barnaba suka naɗa dattawa a kowace ikkilisiya.

A Nijeriya ta fara ne a Kalaba a 1846, lokacin da Hope Waddell ya iso. Masu bi na tsibirin Jamaika, waɗanda ba su daɗe da fita daga bauta ba, suna cikin waɗanda suka ɗauki nauyin tafiyar, wasunsu ma suka zo tare da shi. An yi shekara 7 ana aiki kafin a yi wa mutum na fari baftisma, Esien Ukpabio, a 1853. A 1872 aka naɗa shi fasto. Mun san waɗannan shekaru ne domin wani ya zauna ya rubuta.

Yawancin ikkilisiyoyin ƙauyukanmu ba wannan suna suke ɗauke da shi ba, amma tsarin ba baƙo ba ne. A ECWA ma akwai dattawan ikkilisiya, sama da su majalisar yanki, sai gunduma wadda muke kira DCC, sai babbar majalisa mai hedkwata a Jos. Saboda haka tarihin ikkilisiyar ƙauye, yawancinsa tarihin dattawanta ne.

2. Yadda bishara ta iso ƙasar Kano

A Disamba 1893 samari uku suka sauka a Legas da niyyar zuwa ƙasar Hausa: Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham. A 1894 Gowans ya mutu a Girku, Kent ya mutu a Bida, daga baya Bingham ya koma gida da ciwo. Daga wannan mafari mishan ɗin SIM ya fito. A 1900 Bishop Tugwell na mishan ɗin CMS ya iso Kano tare da Likita Miller, amma Sarki Alu bai yarda su zauna ba. Bayan da Turawa suka ci Kano a 1903, su ma sun daɗe suna hana 'yan mishan aiki a cikin masarautu.

Ƙofa ta buɗe ne a shekarun 1930. A 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa. A 1937 SIM ta karɓi aikin jinyar kutare a lardin Kano, inda asibitin Yadakunya ya yi suna. A 1943 aka buɗe asibitin ido na Kano. Mutane da yawa sun fara jin bishara suna kan jinya, suka koyi karatu a can, suka koma gida da littafi a hannu. A 1954 ikkilisiyoyin da suka fito daga aikin SIM suka haɗu suka zama ECWA, a 1976 kuma mishan ta miƙa mata sauran ayyukanta.

Ku lura da abu ɗaya. Turawan mishan ba su da yawa, ba su kuwa kwana a kowane ƙauye ba. Masu bishara 'yan ƙasa ne suka shiga gidajen Maguzawa, musamman a shekarun 1970, wasu a kan keke, wasu a ƙafa. Suna noma 'yar gonarsu da rana, su koyar da karatu da fitila da dare. An fara sujada a gindin itace ko a zaure, aka koma rumfar kara, sa'an nan ɗakin ƙasa. Maza suka kwaɓa ƙasa, Zumuntar Mata suka ɗebo ruwa, baikon kaka na dawa da gero da gyaɗa ya sayi kwano. Sunayen Turawa suna cikin littattafai. Sunayen waɗannan iyaye namu kuwa suna cikin kan tsofaffi ne kawai.

3. Me ya sa za mu rubuta?

Na ɗaya, domin godiya. Wanda bai san wahalar da aka sha ba, ba zai riƙe abin da aka bar masa da daraja ba.

Na biyu, domin zaman lafiya. Rigingimu da yawa a kan filin majami'a, gonar fasto da makabarta suna tasowa ne bayan shaidu sun mutu. A wurare da dama mai unguwa ko maƙwabci Musulmi ne ya nuna wurin, ko ya tsaya shaida. In an rubuta wannan alheri, zai zama abin haɗa jikokinmu da nasu.

Na uku, domin mu daina raina kanmu. Sau da yawa in na zo da maganar rumbun tsimi ko gyaran rijiya, abin da nake fara ji shi ne, "Malam, me kuka kawo mana?" Iyayenmu da suka gina ɗakin sujada na fari ba su jira kowa ba. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa. Taimakon waje yana da amfani, amma a kan abin da muka fara ne yake tsayawa.

4. Yadda za a yi aikin

Ba a bukatar kuɗi mai yawa. Littafi mai bango mai ƙarfi, biro, da ranakun Lahadi uku da yamma sun isa.

(a) Dattawa su zaɓi mutum huɗu: dattijo ɗaya, mace ɗaya daga Zumunta, da matasa biyu masu iya rubutu.

(b) A fara da waɗanda suka fi tsufa, a same su a gida ɗaya bayan ɗaya. Kada a manta da tsofaffin mata, gama sukan tuna da abin da maza suka manta.

(c) A tambaya: Wa ya fara kawo bishara, daga ina ya zo? Su wa aka fara yi wa baftisma, a wane rafi? Wa ya ba da fili, su wa suka shaida, ina iyakarsa? Su wane ne dattawan fari? Wace wahala aka sha, wa ya taimaka?

(d) In tsoho bai san shekara ba, a haɗa da abin da kowa ya sani. Yaƙin basasa ya ƙare a Janairu 1970. Canjin hannu a hanya, 1972. Canjin kuɗi daga fam zuwa naira, 1973, shekarar babban fari ke nan. Kisan Janar Murtala, Fabrairu 1976. Rikicin Maitatsine a Kano, Disamba 1980. Fitar da Jigawa daga Kano, 1991.

(e) In magana ta saɓa, a rubuta duka biyun da sunan wanda ya faɗa. Kada a ƙara gishiri, kada kuma a ɓoye rarrabuwar da aka taɓa yi. Littafi Mai Tsarki bai ɓoye musun Bitrus ba.

(f) A karanta abin da aka rubuta a gaban jama'a domin gyara. Maganar fili kuwa, a kai ta gaban mai unguwa da dagaci da magadan mai filin, a yi takarda kowa ya sa hannu. A yi kwafi biyu, ɗaya a akwatin ƙarfe nesa da ƙasa, ɗaya a ofishin gunduma.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Mutum nawa ne a cikinmu yau suka halarci sujadar fari?
2. Wane aiki ne iyayenmu suka yi da hannunsu wanda mu muke jira a zo a yi mana?
3. Bisa ga 1 Bitrus 5:1-3, wane irin hali za mu duba sa'ad da muke zaɓen dattijo?

Aikin mako

Kafin Lahadi mai zuwa, kowane gida ya aiki yaro ɗaya wurin kakansa ya ji labari ɗaya, ya kawo shi a makarantar Lahadi.

Addu'a

Mu gode wa Allah domin waɗanda suka riga mu, waɗanda muka san sunansu da waɗanda muka manta. Mu roƙa wa dattawanmu hikima da tsawon rai, mu kuma yi addu'a domin zaman lafiya da maƙwabtanmu. Amin.