Ina Son Ɗan Riƙon Da Ba Za A Ƙwace Mini Ba

Zuwa ga Gwaggo: Shekarata 14 da aure a nan cikin gari, Allah bai ba ni haihuwa ba. Ƙanin maigidana ya ba ni 'yarsa tun daga yaye. Ni na goya ta, ni na yi jinyar ƙyandarta, ni na sa ta a Islamiyya. Sai da ta shekara 7, ta isa aike, uwarta ta zo rana tsaka ta ce a haɗa mata kayanta. Da na yi magana sai ta ce in haifi tawa. A gaban mutane fa, Gwaggo, a tsakar gida! Yarinyar da Umma take ce mini, rannan a gidan biki Anti ta kira ni. In haifi tawa, kamar ni na hana kaina. Na gaji da riƙon 'ya'yan dangi. Wata mata ta ce in na kawo kuɗi za ta samo mini sabon jariri, mu tashi daga unguwar in ce ni na haifa. Wasu kuma sun ce gidan marayu sai mai hanya. Yaya zan yi in sami ɗan da ba mai yi mini gori a kansa?

Wata baiwar Allah, Mandawari, Kano.

Ɗiyata, Allah ya sanyaya miki zuciya. Facalarki ta yi gori a kan abin da ba ta ba kanta ba, wannan tsakaninta da Mahaliccinta. Sai dai kin cika takarda da maganarta, ba ki gaya mini abin da maigidanki ya ce ba. Yaro kuwa ba ya zama a gidan da mutum ɗaya ne ke son sa.

Matar nan mai samo jarirai, ki rabu da ita yau, ki kai maganarta ga hukumar yaƙi da safarar mutane ta NAPTIP ko Hisba. Kin manta 2019, lokacin da 'yan sanda suka gano yara 9 da aka sace daga Kano aka sayar a Anacha, har an sauya musu suna? Ke da aka ɗauke wa 'yar riƙo kike wannan kuka, ina ga wadda aka ɗauke wa na cikinta?

Batun ki ce ke kika haifa kuwa, ban yarda ba. Aya ta 5 cikin Suratul Ahzab ta hana jingina yaro ga wanda ba ubansa ba, daga nan aka daina kiran Zaidu ɗan Harisa da ɗan Manzon Allah (SAW). Kuma a cikin garin Kano, inda aka san kakan kowa, ramin ƙarya ƙurarre ne. Ranar neman aure ko rabon gado asiri zai tonu, yaron ne zai kwana a ciki.

Ga hanya ta halal. Gidan Marayu na Nasarawa yana ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Mata ta Jihar Kano, can ake kai tsintattun jarirai da yaran da ba a gano danginsu ba. Ku je ma'aikatar ke da maigidanki ku rubuta takardar neman riƙo, da shaidar mai unguwarku da ta lafiyarku. Jami'an walwalar jama'a za su bincika gida da sana'a da hali kafin a haɗa ku da yaro, a kuma tabbatar da riƙon a rubuce. Wannan takarda ita ce katangarki. Abin yana ɗaukar lokaci, kada ki ba kowa ko sisi don a gaggauta.

Kowa jariri yake nema, ga 'yan shekara 4 da 5 suna jira. Ki riƙa kai ziyara ki saba da su. In kuwa jariri aka ba ki, 'yar'uwarki mai goyo ta shayar da shi kafin ya shekara 2, ya zama muharraminki. Ba zai gaje ku ba, amma akwai kyauta, akwai wasiyya har sulusin dukiya.

Yanzu ki tambayi zuciyarki: yaron kike so, ko bakin facalarki kike son toshewa? In huce haushi ne, ki dakata, maraya ya riga ya sha rabuwa sau ɗaya. In don Allah ne, ki tashi ki nema, akwai yaron da ke jiran wadda zai kira Umma.